Yadda Za Ka Sauƙaƙa Rajistar Masu Ba Da Jini a Intanet

Duk wanda ya buɗe shafin rajistar masu ba da jini ya riga ya yanke shawara kafin ya iso. Wannan shi ne abin da nake fara gaya wa duk wanda ya kawo mini fom ɗinsa in duba masa. Wani abu ya riga ya taɓa zuciyar mutumin: ko roƙon jini da ya gani an yaɗa, ko wani nasa da aka taɓa yi wa ƙarin jini ya tashi, ko sanarwar ranar 14 ga Yuni da duniya ta ware don masu ba da jini. Ba sai ka sake shawo kansa ba. Abin da ya rage maka shi ne kada ka kashe masa gwiwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma niyya irin wannan ba ta daɗewa da zafinta. Mutum na riƙe da waya da hannu ɗaya, yana jiran wani abu ko yana shirin barci. Idan ka tsayar da shi kan tambayar da ba shi da amsarta a kusa, zai ce sai an jima, kuma mafi yawan masu cewa sai an jima ba sa dawowa.

Aikina tsara fom da shafukan da mutane ke cikewa a waya da kwamfuta, fannin da ake taƙaita sunansa da UX, wato lura da abin da mai amfani da shafi ke fuskanta tun daga shigarsa har fitarsa. A cikin fom ɗin da nake taɓawa, na masu ba da jini ya fi tsaya mini a rai, domin idan an bar shi a rabi ba ciniki aka rasa ba, jakar jini ce ba ta isa ga mara lafiya ba. Ga yadda nake bi da shi.

Fara da rage tambayoyi

Kafin ka taɓa launi ko hoto, buga dukkan tambayoyin fom ɗin a takarda. A gaban kowace ka rubuta amsar abu uku: wa zai yi amfani da wannan bayanin, yaushe zai yi amfani da shi, me zai faru idan babu shi. Kada ka amsa da kanka. Je ka tambayi ma'aikaciyar jinya da ke karɓar masu ba da jini, da mai kiran mutane a waya, da mai kula da rumbun bayanai. Za ka sha mamakin yawan tambayoyin da ba su da mai su. An kwafo su ne daga tsohon fom na takarda, shi ma an kwafo shi daga wani, kuma ba wanda ya taɓa buɗe amsoshin.

Idan aka yi wannan tankaɗen da gaskiya, abin da yakan rage guda biyar ne: suna, ranar haihuwa, lambar waya, gari ko unguwar da mutum yake, da amincewarsa a tuntuɓe shi. Da waɗannan za ka iya sanin ko shekarunsa sun kai, ka san cibiyar da ta fi kusa da shi, ka kuma same shi idan ana bukata. Sana'a, aure, cikakken adireshi har da lambar gida, lambar katin shaida, hoton fuska, duk waɗannan ka ɗage su. Idan cibiyar na bukatar ganin katin shaida, a gan shi ranar da mutum ya zo da ƙafarsa. Neman a ɗora hoto a waya kuwa yana daga cikin abubuwan da suka fi korar mutane, don yana fitar da su daga shafin zuwa wata manhaja, wani lokaci su dawo su tarar duk abin da suka rubuta ya goge.

Rukunin jini yakan jawo gardama. Masu cibiya suna son sa, kuma suna da hujja, don idan ana neman jinin rukunin O mara alamar ƙari, wato O negative, cikin gaggawa ana so a san wa za a kira. Ka bar tambayar, amma kada ka sa ta zama dole, kuma ka sa "ban sani ba" a cikin zaɓin, a sarari, ba a ɓoye a ƙarshe ba. Mutane da yawa ba su san rukuninsu ba, wasu kuma suna zaton sun sani alhali sun yi kuskure. Ko ma mene ne suka rubuta, ba asibitin kirki da zai ƙara wa mara lafiya jini bisa abin da wani ya cike a fom. Kowace jaka sai an gwada ta a ɗakin gwaji. Idan ka tilasta amsa, abu biyu ne zai faru: ko mutum ya tafi, ko ya yi canke ya cika maka rumbu da bayanin ƙarya.

Sai kuma doguwar tambayar lafiya, wadda nake ganin ita ce babbar matsalar irin waɗannan shafuka. Zazzaɓi, magungunan da ake sha, tiyata, juna biyu, zanen jiki da allura, tafiye-tafiye, da tambayoyin da suka shafi rayuwar mutum ta sirri. Duk suna da muhimmanci, amma ba a lokacin rajista ba. Amsoshinsu na canzawa daga mako zuwa mako, saboda haka dole ne a sake yin su ranar ba da jinin, a gaban ma'aikacin lafiya da zai auna ƙarfin jini ya kuma yi bayanin abin da ba a gane ba. Idan ka sa su a fom ɗin rajista, ka sa mutum aiki biyu, ka kuma tara bayanan lafiyar jama'a da kiyaye su ya zama nauyi a wuyanka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta sa bayanan lafiya a rukuni na musamman mai tsauraran sharuɗɗa, kuma ƙasashe da dama sun yi dokokinsu a kan wannan turbar. Bayanin da ba ka karɓa ba, ba wanda zai iya sace shi daga hannunka.

Tantancewa ta minti ɗaya, da shafin wanda bai cancanta ba

Duk da haka ba daidai ba ne ka bar mutum ya yi tattaki zuwa cibiya a mayar da shi kan abin da za a iya gaya masa tun yana gida. Saboda haka nakan sa 'yan tambayoyi uku ko huɗu a farko, masu gajeriyar amsa, waɗanda ba a adana su. Shekaru, nauyi, da lokacin da ya ba da jini na ƙarshe. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ba da jini ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa kuma ya kai kilo 50. Amma kowace ƙasa da ƙa'idarta. A Amurka ana barin kwana 56 tsakanin bayarwa ɗaya da wata, a Ingila mako 12 ga maza, mako 16 ga mata. Kada ka kwafo adadi daga shafin wata ƙasa. Karɓo shi a rubuce daga likitan hukumar da kake yi wa aiki, ka kuma ajiye shi a wuri ɗaya a cikin tsarin yadda idan ya canza za a gyara shi sau ɗaya.

Shafin da ke fitowa idan mutum bai cancanta ba, shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi, ni kuwa a kansa na fi ɓata lokaci. Ka tuna wanda ke karanta shi: mutum ne da ya zo yin alheri aka ce masa a'a. Idan abin da ya gani jan rubutu ne mai cewa ba ka cancanta ba, zai ɗauka an rufe masa ƙofa har abada, wani ma ya shiga fargabar ko akwai wata cuta a jikinsa. Alhali galibin dalilan na ɗan lokaci ne. Wanda ya ba da jini makonni huɗu da suka wuce, gaya masa ainihin ranar da zai iya dawowa, ka tambaye shi ko yana so a tuna masa. Yarinyar da ta rage wata biyar ta cika shekarun, karɓi lambarta idan doka ta yarda, ka aika mata saƙo idan lokacin ya yi. Wanda kuma dalilinsa na dindindin ne, yi masa godiya da gaske, ka faɗa masa dalilin a taƙaice ba tare da tsoratarwa ba, ka nuna masa wata hanyar taimako, kamar tura shafin ga mutum biyu da ya sani. Bambancin "ba yanzu ba" da "ba zai yiwu ba" ya kamata ya fito tun a layin farko.

Kada ka tilasta buɗe asusu

Sunan shiga, kalmar sirri mai babban baƙi da lamba da alama, maimaita kalmar sirri, sannan je ka duba imel ka danna mahaɗi. Wannan matakai huɗu ne da ba su da alaƙa da jini. Mai ba da jini zai dawo shafinka bayan wata uku ko huɗu, lokacin ya manta kalmar, sai ya sake shiga wata wahalar. Lambar waya da gajeriyar lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon tes sun wadatar.

Abu uku za ka kiyaye a nan. Adana bayanan mutum kafin ka nemi lambar tabbatarwa, don saƙon tes kan makara, wani lokaci ma ba ya zuwa, kuma gara ka sami rajistar da ba a tabbatar ba da ka rasa ta ɗungurungum. Ka bar akwatin ya karɓi lambar da aka kwafo aka liƙa, ka kuma sa masa alamar HTML (yaren gina shafukan intanet) da ke ba waya damar cike lambar da kanta idan saƙon ya shigo. Sannan ka nuna lambar wayar da aka tura wa saƙon a rubuce, da hanyar gyara ta a wurin, domin sau da yawa matsalar lamba ɗaya ce da yatsa ya kuskure.

Wasan nan na zaɓo hotunan motoci ko karanta karkatattun haruffa don tabbatar da cewa kai mutum ne, cire shi idan da hali. Yana wahalar da masu raunin gani da tsofaffi fiye da yadda yake wahalar da masu kutse. Ɓoyayyen akwatin da mutum ba ya gani amma na'urar kutse ke cikewa, da taƙaita yawan rajistar da za a iya yi daga wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, sukan yi maganin galibin sharar. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu bukata ta musamman, WCAG, a bugunsu na 2.2 da ya fito a Oktoba 2023, sun ƙara sharaɗi kan kada a dogara da gwajin ƙwaƙwalwa wajen shiga ba tare da wata mafita ba, da wani kan kada a sa mutum ya sake rubuta abin da ya riga ya bayar.

Abin da ido da yatsa ke haɗuwa da shi

Zana shafin don ƙaramar waya tukuna, kwamfuta ta biyo baya. Akwatuna su jeru a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Sunan kowane akwati ya zauna a samansa, kada ka sa shi a ciki da rubutu mai dishi-dishi, don da zarar mutum ya fara rubutu sai ya ɓace, idan hankalinsa ya ɗauku ya dawo bai san me ake tambaya ba. Masu tsara shafukan gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, suna da ƙa'idar farawa da abu ɗaya a kowane shafi, kuma na same ta da amfani ƙwarai a waya: tambaya ɗaya, amsa ɗaya, a adana, a wuce. Idan intanet ta yanke, abin da aka rasa kaɗan ne.

Ranar haihuwa a ba ta ƙananan akwatuna uku, rana da wata da shekara, a rubuta da lamba. Kalandar da ke buɗewa a watan da ake ciki an yi ta ne don zaɓen ranar da ke kusa. Wanda aka haifa a 1979 ba zai yi ta komawa baya wata-wata ba. Duk inda ake son lamba, allon lambobi ya fito da kansa. Lambar waya kuma a karɓe ta yadda mutum ya saba rubuta ta, da tazara ko babu, da sifili a farko ko da lambar ƙasa. Gyara ta aikin kwamfuta ne, ba na mai rajista ba. Suna a ba shi akwati ɗaya mai faɗi, ya karɓi kowane irin harafi, har da ƙ da ɗ da ɓ da alamar da ke cikin suna irin Sa'adatu. Ba abin da ke ɓata wa mutum rai kamar shafi ya ce masa sunan da iyayensa suka raɗa masa ba daidai ba ne.

Idan zaɓi bai wuce biyar ba, shimfiɗa su duka a gani, kada ka ɓoye su a jerin da sai an danna yake zubowa. Girman abin dannawa ya ishi babban yatsa: Apple na ba da shawarar ma'auni 44 a kowane gefe, Google kuma 48. Rubutu ya fita sosai daga bangonsa, WCAG ta sa mafi ƙarancin bambancin haske a 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma ka gwada shi a tsakar rana, ba a inuwar ofis ba. Nauyin shafin ma wani abu ne. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya na barin shafin da ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Babban hoton da ke saman shafi da bidiyon da ke kunna kansa, su ne na farko da nake saukewa.

Saƙon kuskure ya tsaya kusa da akwatin da abin ya shafa, ya faɗi abin da za a yi. "Lambar wayar ta gaza da lamba ɗaya, a sake dubawa" ya fi "bayani mara inganci" nesa ba kusa ba. Kada ya fito tun mutum na tsakiyar rubutu, ya jira ya bar akwatin. Kada ka dogara da jan launi kaɗai, akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore. Kuma ko me ya faru, kada ka goge abin da aka riga aka rubuta.

Kalmomin da ke kan shafin

Wanda bai taɓa ba da jini ba yana ɗauke da tambayoyin da ba zai furta ba. Zai yi zafi? Nawa za a ɗiba? Zan iya komawa aiki? Wa zai ga lambata? Amsa su a gajerun layuka a daidai wurin da suke tasowa, ba a wani shafin tambayoyi da amsoshi da ba mai buɗewa ba. Abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne, ɗibar kanta kimanin minti goma, zaman gaba ɗaya kusan awa guda. A ƙarƙashin akwatin lambar waya ka rubuta wanda zai kira da kuma sau nawa, ka tabbata abin da ka rubuta shi ake yi.

Kada ka yarda da hasashenka kan kalmar da za ta fi motsa mutane, ko hasashen shugaban ofis. A 2013 wata tawagar gwamnatin Birtaniya mai nazarin ɗabi'un jama'a ta gwada saƙonni takwas daban-daban a kan mutum sama da miliyan ɗaya, a shafin da ke gayyatar su shiga rajistar masu ba da sassan jiki bayan sun gama sabunta harajin mota. Saƙon da ya yi nasara shi ne wanda ya tambayi mutum ko zai karɓi dashe idan shi ne ke bukata, in haka ne to ya taimaki wasu. An ƙiyasta zai ƙara rajista kusan 96,000 a shekara. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, saƙon da aka haɗa da hoton taron mutane, wanda kowa zai yi zaton zai yi kyau, ya kasa ko da shafin asali da ba a ƙara masa komai ba. Wannan na sassan jiki ne, ba jini ba, don haka ba na cewa ka kwafi saƙon. Hanyar za ka kwafa: rubuta biyu, raba masu shigowa gida biyu, ka ƙirga.

Maɓallin ƙarshe ya faɗi abin da zai faru. "Yi mini rajista" ya fi "Aika".

Batun amincewa kuwa, a nan nake da tsauri. Sanannen abu ne cewa mutane kan bar zaɓi yadda suka same shi. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2003 ya nuna a Jamus, inda sai mutum ya nemi shiga, kashi 12 cikin 100 ne suka amince da ba da sassan jikinsu, a maƙwabciyarta Ostiriya kuwa, inda kowa na ciki sai wanda ya nemi fita, adadin ya haura kashi 99. Wasu masu tsara shafi kan ji wannan su yi sha'awar sa alamar amincewa a akwati tun kafin mutum ya taɓa shi. Kada ka yi. Na farko, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Oktoba 2019 cewa akwatin da aka riga aka yi wa alama ba amincewa ba ne. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, jini ba a ɗaukar sa sai mutum ya zo da kansa ya miƙa hannu. Wanda aka shigar da dabara ba zai ɗaga waya ba idan an kira. Raba amincewar gida biyu: a kira ni idan ana bukatar jini, wannan dabam, a turo mini labarai da sanarwa, wannan ma dabam, kuma ƙin na biyu kada ya hana na farko.

Bayan an danna maɓalli

Shafuka da yawa a nan suke tsayawa, da "mun gode, za mu tuntuɓe ka". To ba a nan gizo ke saƙar ba. Suna a rumbun bayanai bai taɓa ceton kowa ba. Wannan daƙiƙar da mutum ya gama rajista ita ce lokacin da ya fi kusa da cewa e, don haka nan take ka nuna masa cibiyar da ta fi kusa da shi da lokuta uku mafi kusa da ke a buɗe, ya zaɓi ɗaya. Idan bai shirya ba, ka bar masa hanyar wucewa ba tare da matsi ba. Idan ya zaɓa, saƙon tes ya biyo baya ɗauke da rana, lokaci, wuri, abin da zai zo da shi, da tunatarwar ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya zo. Wani saƙon ya zo ana gobe. A cikin kowanne a sa hanyar ɗage ranar da dannawa ɗaya. Mutumin da ɗagewa ta yi masa wuya ba zai zo ba kuma ba zai faɗa ba, daga nan kunya ta hana shi sake dawowa, kujerarsa kuma ta tafi a banza.

Ka shirya wa ranar tururuwa. Ranar 1 ga Mayu 2012, da Facebook ya ba mutane damar bayyana cewa su masu ba da sassan jiki ne tare da mahaɗi zuwa rajistar jihohinsu a Amurka, sababbin rajista ta intanet sun haura 13,000 a rana ɗaya, ninki 21 na abin da aka saba, sannan suka riƙa sauka a kwanakin da suka biyo baya. Haka jama'a ke zuwa, a dunƙule, musamman bayan wani bala'i. Shafinka ya iya ɗaukar nauyin, wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi dabara: jini ba ya ajiyuwa har abada. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 42 a firiji, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare kuwa kwana biyar zuwa bakwai ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka mutane sun yi dogayen layuka, aka tara jinin da ya fi bukata, mai yawa ya lalace. Saboda haka idan lokutan wannan makon sun cika, kada shafin ya ce babu wuri ya yi shiru. Ya gaya wa mutum gaskiya, cewa jininsa zai fi amfani nan da mako uku ko shida, ya ba shi ranar a take.

Akwai kuma abin da hukumar jini ta birnin Stockholm a Suwidin ta fara a 2012: idan an yi amfani da jinin mutum, sai a tura masa saƙo a waya a shaida masa. Ba a faɗin sunan mara lafiya. Wasu ƙasashe sun bi sahu. Idan rumbun bayananku zai iya haɗa lambar jaka da lambar wayar mai ita, ka yi ƙoƙarin ganin an yi wannan, don ban san wani saƙo da ya kai shi sa mutum ya dawo karo na biyu ba.

Gwaji da ƙidaya

Kai da ka gina fom ɗin ba za ka iya ganin aibinsa ba, ka san amsar kowace tambaya tun kafin ka karanta ta. Samo mutum biyar da ba su taɓa ganin sa ba. Jakob Nielsen, wani masanin wannan fanni, ya yi bayani tun a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Su yi amfani da wayoyinsu, ba taka mai tsada ba. A cikinsu a sami dattijo, a sami wanda karatu ke yi masa nauyi, in da hali a sami makaho mai amfani da manhajar da ke karanta allo da murya. Ka ce musu su yi rajista, su riƙa faɗin abin da ke ransu, kai kuma ka kama bakinka. Wannan shi ne mafi wuya. Za ka ga yatsa na shawagi a kan allo, bakinka na ƙaiƙayin ka ce danna can. Yi haƙuri ka rubuta inda ya tsaya. Kada ka tambaye su ko shafin ya yi kyau, kara za ta sa su ce ya yi. Abin da hannunsu ya yi shi ne amsar.

Bayan an saki shafin, adadi biyar nake so in gani kowane wata, a jere: waɗanda suka buɗe fom, waɗanda suka gama, waɗanda suka zaɓi rana, waɗanda suka zo aka ɗibi jininsu, da waɗanda suka dawo karo na biyu. Biyun ƙarshe ba a shafin suke ba, sai ka je wurin ma'aikatan cibiya ka karɓo, kuma su ne na gaskiya. Gyaran da ya ninka masu rajista amma masu zuwa ba su ƙaru ba, aikin masu kiran waya kawai ya ƙara. Inda ka ga tazara ta fi faɗi tsakanin adadi biyu, can za ka kai aikin wata mai zuwa. Wannan jadawalin ne kuma zai kare ka ranar da wani sashe ya zo yana so a ƙara "tambaya ɗaya kacal". Ba ka ƙi ba: a gwada ta a kan rabin masu shigowa na mako biyu, a ga mutum nawa ta kora, sannan a yanke hukunci.

Wajen ƙidayar nan ka yi hattara da kayan aikin da kake ɗorawa a shafin. A 2022 wani binciken 'yan jarida a Amurka ya gano cewa 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na ƙasar suna da wata 'yar manhajar bin sawu ta talla a shafukansu na neman ganin likita, tana tura bayanai zuwa Facebook. Kafin ka saki shafinka, buɗe kayan binciken da ke cikin burauza, ka cike fom ɗin da bayanan gwaji, ka duba kowane saƙo da ke fita da inda yake zuwa. Lambar mataki da lokacin da aka ɗauka a kansa sun isa ƙidaya. Suna, lambar waya, ranar haihuwa, da rukunin jini kada ko ɗaya ya je ko'ina sai rumbun hukumar, amsoshin tantancewa kuwa kada su je ko'ina.